Madubin Tasi

Shekara goma sha ɗaya ina jan tasi a Istanbul,
daga filin jirgi zuwa asibitocin Shishli.
Suna shigowa da hula har kunne.
Bayan kwana uku in mayar da su,
baƙin ƙyalle ɗaure a goshi,
fatar kai ja, ɗige-ɗige kamar gonar da aka gama shuka,
zaune ƙiƙam, ba mai yarda ya jingina.

Madubin da nake kallonsu da shi,
shi ke nuna mini nawa.
Sanƙo bai yi sallama ba.
Ta gefe biyu ya shigo, ya bar tsibiri a tsakiya,
bara tsibirin ma ya nutse.

Ran Talata na sauke wani ɗan Sifen,
na kashe mota, na bi bayansa.
Dakta Ferhunde ta ɗaga gashin ƙeyata da yatsa biyu
kamar mai taya yadi a kasuwa.
Ta ce, "Nevzat, mu ba ma ƙirƙirar gashi,
ƙaura muke masa.
Sili dubu uku da ɗari biyu, daga ƙeya zuwa goshi.
Abin da aka cire a baya ba ya dawowa,
kuma rumbun naka ba cike yake ba.
Zai zube da fari, kada ka tsorata.
Sai shekara ta zagayo za ka san abin da ka saya."

Na tambayi kuɗi. Ba ta faɗa ba, rubutawa ta yi.
Na auna da tayoyin hunturu huɗu,
na ɗora kuɗin makarantar Ilayda,
sikelin bai daidaita ba.

Akwai ruwan shafawa, safe da dare.
Tuncay na tasharmu ya yi shekara uku yana bi,
ya samu ɗan laushi-laushi kamar na ɗan tsako,
ya yi sakaci wata huɗu, ya koma gidan jiya.
Akwai ƙwaya, mai gadin abin da ya rage,
sai dai takardar cikin kwalin na da wani layi
da na karanta sau uku a ƙarƙashin fitilar titi,
na tuna Gülizar, na naɗe, na cusa aljihu.
Likita ta ce kaɗan ne ke gamuwa da shi.
Kaɗan ɗin ma ai mazajen wasu ne.
Kuma ko an yi dashen, ta ce gara in riƙe ƙwayar:
tsugune ba ta ƙare ba.
Akwai wanda za a ɗebi jininka, a juya a na'ura,
a mayar maka da allura a tsakar ka.
Akwai reza.
Ita kaɗai ce ba ta yi mini alkawari ba.

Babana ya noma shayi a tsaunukan Rize,
kansa na ƙyalli tun yana talatin,
ruwan sama na gangara masa ba shamaki.
Ranar da zan taho birni ya ce,
"Abin da aka tuge aka kai wani wuri,
wani ya kama, wani ya bushe,
ba mai sani sai an jira."
Ashe ni ma dashe ne.
Na zube da fari, sannan na kama.

Da dare na shimfiɗa wa Gülizar takardar kusa da kofin shayi.
Ta duba lambar, ta dubi kaina, ta daɗe.
"Da gashi na aure ka," in ji ta,
"ban kuma san ranar da ya tafi ba.
In za ka yi, ka yi don kanka."
Sai ta ji abin da ta faɗa,
dariya ta kama ta har shayi ya zuba a lambar.

Takardar ta bushe, tana bayan makarin rana.
Yau da asuba a kan gada,
wani mai hula ya tambaye ni ko aikin da zafi.
Na ce ban sani ba tukuna.
Muka haɗa ido a madubi,
shi ya gyara hularsa, ni na shafa ƙeya.